Allurar Cinya da Zuciyar Mai Jego

'Yan'uwana mata, da kuma iyayen gida, don ina da labarin wasunku kan karɓi wayar uwargida su karanta abin da muke tattaunawa.

Idan kin taɓa haihuwa a asibiti, ko da ƙaramin sha-ka-tafi ne na unguwa, to an yi miki wata allura a cinya, kuma da wuya ki iya tuna ta. Ana yin ta ne cikin minti ɗaya da faɗowar jariri, lokacin da kunnenki ke wajen kukansa, idonki na neman ganin mace ce ko namiji. Azabar da kika fito daga ciki ta shafe zafin tsinin allura. Mu kuwa da ke tsaye a kanki, tun kafin kan yaro ya leƙo mun zuƙe ta mun ajiye a gefe, domin mun san abin da muke gudu.

Mutane na kiran ta allurar tsayar da jini, kamar dai guda ɗaya ce. Alhali dangi ne, kowace da halinta, kuma a cikinsu akwai wadda idan ta haɗu da jinin da ya hau, ko zuciyar da ba ta da ƙarfi, sai maganin ya zama shi ne ciwon. Na daɗe ina son yin wannan rubutu ina fasawa, saboda tsoron kada wata ta karanta rabi, ta je ɗakin haihuwa ta ce ita ba za a yi mata allura ba. Don haka ina roƙon ki, in kin fara ki kai ƙarshe.

A watan haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko ya fi, wato ledar fiya wata guda da ɗoriya. Da zarar mabiyiya ta ɓamɓaro daga jikin mahaifa, sai ta bar wani fili cike da bakunan jijiyoyi a buɗe. Ba a ɗinke su, ba a ɗaure su. Abin da Allah ya tanada shi ne naman mahaifar ya dunƙule ya shaƙe su, shi ne wannan ƙullutun mai tauri kamar ƙwallon giginya da kike ji a ƙasan cibiya bayan kin sauka. Idan mahaifa ta yi laushi ta ƙi dunƙulewa, to ki yi lissafin da kanki, leda guda a minti. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba a duniya wajen kashe mata a kan gwiwa. Mace lafiyayya, wadda ta shigo da ƙafarta tana tsokanar mu, tana iya tafiya cikin awa biyu. Balle mu da yawancinmu ke shiga naƙuda da ƙarancin jini, ga zazzaɓin cizon sauro, ga haihuwa kusa da kusa. Allurar cinya aikinta ta umarci mahaifa ta dunƙule tun kafin jinin ya ɓalle.

Wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da ita sunanta oksitosin. Ba baƙuwa ba ce a jikinki. Jiki na sakin irinta lokacin naƙuda da lokacin shayarwa, ita ce ma ke sa mara ta murɗa miki idan jariri ya kama nono a kwanakin farko. Wani masani ɗan Amurka, Vincent du Vigneaud, shi ya haɗa ta a ɗakin bincike a 1953, aka ba shi kyautar Nobel a 1955. Idan aka yi yunit 10 a naman cinya, takan shiga jini a hankali, ta yi aikinta, mafi yawan mata ba sa jin komai. Inda take nuna ɗayan halin nata shi ne idan aka tura ta cikin jijiya lokaci ɗaya. Sai hanyoyin jini na duk jiki su saki, awon jini ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta kama gudu don ta cike giɓin. Wadda aka yi wa aiki da allurar baya, idonta biyu, wataƙila ta tuna wani lokaci jim kaɗan bayan an ciro yaro da ta ji fuskarta ta ɗau zafi, ƙirji ya yi nauyi, zuciya na bugawa fat-fat. Sau da yawa wannan ne. Mai lafiyayyar zuciya, minti kaɗan abin ya wuce. Amma wadda ƙofar zuciyarta ta tsuke, ko wadda ta riga ta zubar da jini mai yawa, ba ta da rarar ƙarfin da za ta cike wannan giɓi. A Ingila, rahoton binciken mutuwar mata masu haihuwa na shekarun 1997 zuwa 1999 ya ambaci mutuwar da ta biyo bayan tura yunit 10 a jijiya kai tsaye, daga nan likitocinsu suka koma rabin wannan adadi wajen tiyata, kuma a tura shi a hankali. Sannan idan aka daɗe ana zuba ta da yawa cikin ledojin ƙarin ruwa, takan hana ƙoda fitar da ruwa yadda ya kamata, ruwan ya taru a jiki.

Ta biyun ita ce na fi so ki riƙe sunanta: egometirin. Asalinta daga wata cuta ce da ke kama zangarniyar wani hatsin Turai mai kama da alkama, kamar yadda ɓurtuntuna ke kama mana dawa. A zamanin da, idan mutanen can suka ci burodin hatsin da ya kamu, sai jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, yatsu su yi baƙi su mutu. Ungozomominsu kuma suka lura ɗan kaɗan daga cikinsa na murɗa mahaifa. A 1935 wasu mutum biyu a Landan, Chassar Moir da Harold Dudley, suka tace sinadarin da ke wannan aiki. Ta ceci mata da Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma har gobe idan mahaifa ta yi taurin kai, tana cikin abin da muke ɗaukowa. Ƙarfi gare ta, tana riƙe mahaifa tamau na sa'o'i.

Sai dai ba ta bar halin gidansu ba. Yadda take matse mahaifa, haka take matse hanyoyin jini a ko'ina, har da 'yan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar. Tsabar sanin wannan hali nata, likitocin zuciya sun yi amfani da ita wajen gwaji: a ba mutum ɗan kaɗan da gangan, ana kallo, don a ga ko jijiyoyin zuciyarsa masu saurin tsukewa ne. To ki ɗauki mace mai hawan jinin ciki, wadda jijiyoyinta dama a ɗaure suke, a ƙara mata wannan. Jinin sai ya yi tsalle. Daga nan komai na iya biyo baya: jijjiga, fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa da shanyewar ɓarin jiki, taruwar ruwa a huhu, ko wani sashe na naman zuciya ya rasa jini, abin da ake kira bugun zuciya. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ta gindaya sharaɗi: ba a ba da ita sai an tabbatar mace ba ta da hawan jini. Mai ciwon zuciya ma ba a ba ta. Akwai kuma wata allura mai suna Syntometrine, haɗin oksitosin ce da egometirin a kwalba ɗaya, hukuncinsu ɗaya.

Sauran dangin ba zan daɗe a kansu ba. Akwai ƙwayar misofurostol, wadda muke ce wa miso, guda uku ake sha bayan yaro ya faɗo. Najeriya ce ƙasar farko da ta yi mata rajista don zubar jinin haihuwa, a 2006, kuma a wasu garuruwa na kewayen Zariyar nan masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba ta ga matan da ke haihuwa a gida. Tana sa rawar ɗari da zazzaɓi, wani lokaci mai zafi, amma ba ta tayar da hawan jini irin na egometirin. Akwai kuma kaboforos, wadda ba a yi wa mai asma.

Me ya sa a wannan lokacin ne zuciya ta fi rauni? Tun daga farkon ciki jinin jikinki ke ƙaruwa, kafin ki haihu ya ƙaru da kusan rabin abin da kike da shi. Wata da watanni zuciya na ɗauke da wannan kaya. Ranar haihuwa ga yunƙuri, ga zafi, ga tsoro. Sannan da yaro ya fito mahaifa ta dunƙule, sai ta matso jinin da ke cikin jijiyoyinta ya koma jiki gaba ɗaya, nauyin da ke danne babbar jijiyar ciki kuma ya ɗauke, jini ya kwararo wa zuciya ta ko'ina. A daidai mintunan da dangi ke guɗa a waje ana cewa an rabu lafiya, a lokacin zuciya ke aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. A daidai lokacin kuma allurarmu ke shiga.

Wannan magana ta shafe mu, mu mutanen Zazzau, fiye da yadda kike zato. Duk wanda ya karanci ciwon zuciyar masu jego, a kowace ƙasa yake, zai ci karo da sunan Zariya. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tun yana nan Tudun Wada, shekaru da dama kafin a koma Shika, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Ƙiyasin lokacin shi ne kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a nan na kamuwa, adadin da ba a ga irinsa a Turai ko Amurka ba. Sun ɗora zargi a kan al'adunmu na jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Duk lokacin da na wuce ta gaban tsohon ginin sai in tuna kakanninmu ne a cikin waɗancan alƙaluma.

Adalci dai shi ne in gaya miki ba a tsaya nan ba. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan daga baya bai samu wanka da kanwa da laifin da aka ɗora musu ba. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, rama, hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam. Don haka ban zo in yi faɗa da tukunyar wankan kowa ba, ko da yake wadda ke da hawan jini ko kumburi ba ta da abin yi da kanwa, wannan kam babu jayayya. Kuma kada ki fahimce ni a karkace: allurar tsayar da jini ba ita ke haddasa wannan ciwo ba, shi yakan bayyana ne makonni ko watanni bayan haihuwa. Haɗin da ke tsakaninsu shi ne, matar da ta yi kumburi da haki a jegon bara waccan, aka ce sanyi ne, ko aka ce iska ce, ta sha magani ta ji sauƙi, ita ce za ta dawo mana bana da wani cikin. Zuciyar nan ba lallai ta koma daidai ba. Idan ba ta faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba, to allura za ta iske ta ne a makance.

Akwai wani dare a wani asibiti da na yi aiki, aka shigo da wata mata a Keke Napep, haihuwarta ta biyar, ta sauka a gida bayan isha'i. Jini ya ɗan yi yawa, hankali ya tashi, aka ruga aka kira wani mai kemis na unguwa, ya zo ya yi mata allura a jijiya. Jinin ya tsaya. Amma ba a yi minti goma ba ta riƙe kai tana cewa zai tsage, ta yi amai, gumi ya karyo, ta ce an ɗora mata dutse a ƙirji. Da na ɗaura mata abin awo, na ga 190 bisa 120. Allah ya yi wa ƙanwar mijinta albarka, ta ƙullo fasasshiyar kwalbar a bakin mayafinta. Egometirin ce. Katin awonta kuma, da aka kawo da safe, ya nuna tun wata biyu baya an ga jininta ya hau, an rubuta mata magani, an ce ta dawo bayan sati. Ba ta dawo ba.

Uwar mijin ta tsaya a kaina tana tafa hannu. "Sista, ai allurar taimako aka yi mata. Ita aka yi wa kishiyarta bara, lafiya lau."

Na ce, "Inna, gaskiyarki, taimako aka yi niyya. Amma jinin kishiyarta daban, nata daban."

Ta rayu, bayan kwanaki a gadon asibiti, ta fita da magungunan da za ta daɗe tana sha. Ban taɓa iya tsine wa mai kemis ɗin ba. An tashe shi cikin dare, ya ga jini, ya ga mace na neman tafiya, ya ɗauko abin da ya san yana tsayar da jini, kuma ya tsayar. Abin da bai zo da shi ba shi ne na'urar awon hawan jini, wadda aikinta bai fi minti biyu ba, da tambaya guda ɗaya. Amma ku iyayen gida, ku ji wannan da kyau: allurar haihuwa ba ta cikin abin da ake aiken yaro ya sayo. Wanda ba zai auna ba, kada ya soka. Haka nan allurar da ake yi a gida wai don a ƙara naƙuda yaro na ciki, wannan kam wasa da rai biyu ne, mahaifa fashewa take yi.

Akwai wani gefen matsalar da ba laifin iyali ba ne. Oksitosin 'yar sanyi ce, ana so ta zauna a firij tsakanin maki 2 zuwa 8, tun daga kamfani har zuwa hannuna. Ki tuna zafin watan Afrilu a garin nan, ki tuna halin wutar lantarkinmu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan magungunan haihuwa a Najeriya ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na samfurin oksitosin da aka gwada ba su cika ƙa'ida ba. Abin da hakan ke haifarwa a ɗakin haihuwa shi ne, ma'aikaciya ta yi kwalba ɗaya ta ga shiru, ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku, har hannu ya saba da ninkawa. Ranar da aka dace da mai cikakken ƙarfi, sai a zuba wa mace ninki uku. Ko kuma a yanke ƙauna da ita a miƙa hannu ga egometirin, wadda ita ma zafi da haske na lalata ta. An samar da wata 'yar'uwar oksitosin mai jure zafi, kabetosin, an gwada ta a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya, sakamakon ya fito a 2018 cewa tana kare zubar jini kamar oksitosin. A ganina irin ƙasarmu aka yi wa ita, kuma duk mai faɗa a ji a harkar lafiya da ke karanta wannan, ga inda kuɗi zai yi amfani.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba firij ba ne. Ɓoyo ne.

Wata yarinya ce, ba ta kai ashirin ba, cikin fari. An kawo ta da rakiyar mata huɗu, kowace na amsa tambayar da na yi mata kafin ta buɗe baki. Ciwon suga? Babu. Hawan jini? Babu. Ciwon zuciya? "Haba Sista, wannan 'yar yarinyar?" Ita kuwa kanta a sunkuye, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ɗaga ido. Sai da na fitar da su, naƙuda ta yi nisa, na lura ba ta yarda ta kwanta sosai, kullum sai ta yunƙuro ta zauna, numfashinta kuma ya fi na naƙuda sauri. Ina gyara mata matashi ta kamo hannuna.

"Anti, in gaya miki wata magana, don Allah kada su ji?"

Tun tana 'yar shekara goma sha uku aka gano ƙofar zuciyarta ɗaya ta tsuke. Irin ciwon nan ne da ke farawa da ciwon maƙogwaro a yarinta, a raina shi, ya dawo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, daga baya ya ci ƙofofin zuciya. Shekaru tana karɓar allurar fenisilin duk wata. Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta ta ce ta rufe bakinta, kada dangin miji su ce an kawo musu majinyaciya, kada a fasa. Ta daina zuwa allurar don kada a tambaye ta ina za ta. Ta yi awon ciki sau uku, kowane zuwa da rakiya, kowane zuwa ta ce lafiyarta ƙalau.

Na ce, "Ƙanwata, su ba za su ji daga bakina ba. Amma likita dole ya ji, yanzun nan."

Jimla ɗaya ta faɗa, amma komai na wannan haihuwa sai da ya canza. Aka bar ta a jingine maimakon kwance. Aka rage ƙarin ruwa zuwa ɗigo. Aka taimaka mata wajen fitar da yaron don kada ta yi dogon yunƙuri. Aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman fayil ɗinta cewa ba a ba ta egometirin. Oksitosin kuma ba a hana ta ba, domin ita ma jini na iya kashe ta kamar kowa, har ma ta fi kowa rashin jure zubarsa. An ba ta ne kaɗan-kaɗan cikin ruwa, ana kallon bugun zuciyarta. Bayan ta haihu ba a sallame ta da wuri ba duk da ƙorafin 'yan rakiya, saboda kwanaki biyu zuwa uku na farko su ne mafi hatsari ga irinta. Ta tafi gida da ɗanta namiji a hannu.

Ban ga laifin uwarta ba kai tsaye, don na san garin da muke ciki. Na ga auren da aka fasa saboda farfaɗiya, na ga wanda aka fasa saboda sikila, na ji ana yi wa mace gorin asibiti a gidan miji kamar ita ta ɗora wa kanta. Uwa ta auna ta ga rufin asirin 'yarta ya fi. Abin da ba ta sani ba shi ne, asirin da ta rufe wa surukai ta rufe shi har da mu, mu da za mu riƙe sirinji a kan 'yar tata. Ki sani, abin da kika gaya wa nas ko likita amana ce, aikinmu ya hana mu kai shi zaure. Kina da ikon cewa 'yan rakiya su ba ku wuri. In kunya ta hana ki, ki ce za ki zagaya, ki yafito ɗayarmu. Mu ma nauyi ne a kanmu mu riƙa keɓe mace mu tambaye ta ita kaɗai, don amsar da ake bayarwa a gaban uwar miji ba kullum ce amsa ba. Shi kuwa miji, ra'ayina ya kamata ya sani, ko ba yau ba, domin shi zai nemo mota cikin dare, kuma da shi za a yi shawarar tazarar haihuwa, wadda ga mai irin wannan zuciya magana ce ta rai.

Yanzu in dawo kan tsoron da na fara da shi. Idan kika ɗora matan da zubar jini ke kashewa a sikeli ɗaya, waɗanda allurar ta taɓa wa zuciya a ɗayan, ba su ma kusa da juna. Na farkon muna ganin su kowane wata, na biyun sai a daɗe ba a gani ba, kuma akasarinsu akwai alamar da da an duba da an kauce. Ko mai ciwon zuciya ba a barin ta babu kariya, zaɓa mata ake yi. Aikin ma ƙara kyau yake yi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren ƙasarmu. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jini na taruwa ana ganin adadinsa, maimakon kintace da ido. Da ya kai iyaka sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, oksitosin, ƙarin ruwa, dubawa, da wata allura mai suna taranezamik wadda ke hana gudan jini narkewa, ba ta matse jijiya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Idan aka gano jini da wuri, ba a kai wa ga firgicin da ke sa a ɗauko duk abin da hannu ya taɓa.

Ranar da kika shiga ɗakin haihuwa, ko naƙuda ta hana ki dogon zance, ki daure ki faɗi waɗannan in sun shafe ki: an taɓa ce miki jininki ya hau, a wannan cikin ko a wani; kin taɓa jijjiga; kin taɓa kumbura da haki bayan haihuwa; an taɓa ce miki kina da ciwon zuciya, ko kina shan maganinsa; kina da asma. In kina shan wani magani kullum, kowane iri ne, ki nuna shi, don akwai waɗanda ke ƙara wa egometirin ƙarfi a jiki. In ba a auna jininki ba tun da kika shigo, ki ce, "Sista, ba a gwada ni ba." Wata za ta ɗaure fuska, mun san halinmu idan aiki ya yi yawa, amma za ta gwada. Daga 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne, ko ba kya jin komai.

Bayan allura, ɗan tashin zuciya ko rawar ɗari ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon kai mai tsanani, ganin duhu ko walƙiya, nauyi ko ciwo a ƙirji da ke tafiya kafaɗa ko muƙamuƙi, numfashi na sarƙewa, waɗannan ba a yi musu kawaici. Na san an raine mu a kan cewa jarumar mace ba ta raki a wajen haihuwa. Wannan ba raki ba ne, ki kira mu da ƙarfi. In kuma kin koma gida, cikin arba'in ko bayanta har wata biyar, kika ga ba kya iya kwanciya sai kin tara matasai, tari na tashin ki da dare, ƙafa na kumbura, ɗan zuwa bayan gida na sa ki haki, kada a tsaya ƙara zafin ruwan wanka. A tafi asibiti a ce a duba zuciya.

Katin awo kuma, don Allah, a saman jakar haihuwa yake zama, ba a ƙasan akwati ko cikin kwalla ba. Ki nuna wa maigida da wadda za ta raka ki inda yake tun cikin na wata bakwai, saboda ranar ba ke za ki ɗauki jakar ba.

Masu ciki, Allah ya raba lafiya.